Gora Biyu Bayan Zana

A shekarar da aka fara kawo mana akwatunan zaɓe, wadda Turawa suka naɗe kayansu a ta bayanta, ina koyarwa a wata makarantar boko a Kankia. Babbar firamare ake ce mata a takarda, amma mutanen gari midil suke kiranta, don yaran cikinta sun fara tasawa, wasu har gashin baki ya fara tsiro masu. Aikina arabiyya da addini. Ban yi boko ba. A Kusada aka haife ni, a zauren mahaifina na yi allo har na sauke, na yi gabas neman ilimi, na dawo da littattafai cike da gafaka da hannun rubutun ajami da mutane ke yabawa. Mahaifina shi ke limancin masallacin unguwarmu, kuma tun da gwiwa ta fara damun shi, ni ke shiga gaba duk ranar da na zo gida. Kowa ya ɗauka, ni ma na ɗauka, in Allah ya karɓi abinshi ni zan tsaya a wurin.

Hedimastanmu shi ma ɗan Kusada ne, kuma na girme shi. A zauren mahaifina ya fara karatu, ni na riƙa rubuta mashi allo kafin a ɗauke shi a kai boko. Ya yi kwaleji a Katsina, ya dawo da agogo a hannu da keke mai ƙararrawa. A gaban yara Malam yake ce mani, in mu biyu ne kuwa Yaya Malam. Shi ya yi mani hanyar aikin nan, wannan kuwa ban taɓa ɓoye shi ba, ko a lokacin da ba na son jin sunanshi.

Kakar shekarar gari ya rabu biyu. Mutum biyu ke neman kujerar yankinmu, ɗaya wanda fada ke so, ɗaya na 'yan adawa. Ƙani ba ya cin tuwo da wanshi. Kalma guda a kasuwa tana iya kai mutum gaban alƙali. Ana cikin haka umurni ya zo daga sama, a koya wa yaran manyan aji labarin waɗanda suka mulki ƙasar nan a da, da waɗanda ke neman mulkinta yanzu, da yadda ake jefa ƙuri'a, don su je gida su fahimtar da iyayensu. An kawo motar majigi ta nuna wa jama'a, amma tsofaffi da yawa sun tashi ba su gane komai ba sai kiɗan.

Malamin tarihi ya kamata ya ɗauki darasin. Saurayi ne mai wayo. Washegarin zuwan umurnin gyatumarshi ta kamu da ciwo a Katsina, kuma ba ta warke ba sai da aka gama zaɓe.

Hedimasta ya kira ni ofis, ya tura ƙofa.

"Yaya Malam, taimako za ka yi mani."

"In dai wanda zan iya ne."

"Ai kai kaɗai za ka iya. Wa ya san sarakunan da suka shuɗe a garin nan kamar ka? Mu da muka yi kwaleji sai mun duba littafi, kai kuwa suna nan cikin kanka kamar Fatiha."

"Na da na san su. Na yanzu fa? Ban ko taɓa ganin akwatin nan da ake faɗa ba."

"Ga su can jibge a ajinka, za ka gan su har ka gaji," ya yi dariya. "Zan faɗa maka yadda ake yi. Kai mai rawani ne, ba wanda zai ce kana wata jam'iyya."

Gaskiya ne an mai da ajina ma'ajiyar akwatunan, an sa kwaɗo. Saboda haka a gindin wata tsamiya da ke bakin hanyar kasuwa nake tara yaran.

Kwanakin farko sun yi mani daɗi, ba zan ce ba su yi ba. Na jero masu sarakunan Katsina kamar yadda mahaifina ya jero mani, tun daga na Haɓe, zuwa masu tuta, zuwa waɗanda suka yi zamani da Turawa. Ina faɗa suna amsawa, da irin muryar da ake biya karatu. Na koya masu ladabin abin: wanda ya rasu ana faɗin shekarun da ya yi, a ce Allah ya jiƙan shi, wanda ke kai ba a ƙidaya mashi shekaru, sai dai a ce Allah ya ja zamaninshi. Daga nan aka ɗauko mana hotunan gwamnoni daga bangon ofis, jajayen mutane masu gashin tsuntsu a hula, na jingina su a jikin tsamiya ɗaya bayan ɗaya.

Wani yaro ɗan Yashe ya ɗaga hannu. "Malam, su waɗannan mi za mu ce masu? Allah ya jiƙan su ko Allah ya ja zamaninsu?"

Na ce, "Su sai a ce sun tafi gida."

"To na yanzu fa?"

"Shi ma yana ɗaure kaya."

Suka yi ta dariya. Na gaya masu duk waɗanda muka lissafa, ko dai gado ya ba su, ko takobi, ko alƙalamin Bature. Na ce yanzu an zo da hanya ta huɗu, mutum ya fito da bakinshi ya ce a ba shi, talakawa su ce sun ba shi ko sun hana.

A nan karatu ya tsaya. Yaran sun haddace sarakuna kamar ruwa, amma wannan ta ƙi shiga kansu. Yaya za a yi manomi ya hana mai doki? In ya hana, ina zai kwana? Na ce ba wanda zai san wanda ka ba. Suka dube ni da tausayi, irin duban da ake yi wa babban da ya faɗi abin da ba ya yiwuwa. A ƙauyukansu ko kaza ka yanka sai dagaci ya ji ƙamshi.

Na koma wa hedimasta na ce mashi abin ya gagara.

"Baki ba zai yi ba, sai sun gani da ido," in ji shi. "Haka aka yi mana a kwaleji. Ka sa a kafa zana. Ka samo gora biyu masu ƙaramin baki, ka sa bayan zanar. Ka tsayar da yara biyu su zama 'yan takara, kowa ya yi jawabi. Kowane yaro ka ba shi ɗan tsamiya guda, ya shiga shi kaɗai ya jefa. In an gama ka zazzage ka ƙidaya a gabansu."

"Ba za a ce wani abu ba?"

"Wasan yara ne, Yaya Malam. Wa zai kula?"

Shi ya zaɓi yaran ma. Ɗaya ɗan ƙauyen Bauranya, jikan mai unguwa, mai nauyin jiki da nauyin baki. Ɗaya ɗan ƙauyen Dudunni, ɗan manomi, siriri, bakinshi ba ya hutawa. Da safen ranar hedimasta ya aiko da babbar rigarshi shuɗiya mai aska, wadda yake zuwa Juma'a da ita, ya ce a sa wa ɗan Bauranya don abin ya yi kama da gaske. Duk Kankia ba wanda bai san rigar nan ba.

Ranar kasuwa ce. Ban lura ba, ko kuwa na lura ban ga abin damuwa ba.

Na ɗaura zangarniyar dawa a wuyan gora ɗaya, ta gero a ɗaya, don kowa ya gane ta gwaninshi. Ɗan Bauranya ya hau kututture yana jan riga a ƙasa, ya gyara murya, ya ce, "Ku zaɓe ni, don kakanninku sun bi kakana, kuma ba su yi nadama ba." Ya rasa abin ƙarawa, ya sake faɗin wannan, ya sauko.

Ɗan Dudunni ya hau da 'yar shararshi. Ya ce in an zaɓe shi an daina ɗebo wa gidajen malamai ruwa, an daina share filin ƙwallo da rana tsaka, kuma kokon safe sai an sa mashi sukari. Yara suka ɗauki ihu. Da ya ji daɗin ihun sai ya zarce da abin da ya saba ji a kasuwa, ya shiga maganar haraji, da aikin hanya da ake kwasar iyayensu ana cikin girbi. Na ce, "Kai, ya isa, sauko." Ya sauko, amma masu jakuna da ke wucewa sun riga sun ja linzami sun tsaya.

Aka jefa, ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi faranta mani rai shi ne fuskokinsu in sun fito daga bayan zanar nan. Kowa sai ya dubi abokanshi yana murmushi, ya ga da gaske ba wanda ya san inda ya sa nashi. Na ce a raina, yau kam sun gane.

Sai ƙidaya. Na zauna a ƙasa, na share rairayi da tafin hannu, na yi bisimilla kamar yadda nake yi a farkon kowane abu, na zazzage gorar farko. Na jera 'ya'yan tsamiyar layi layi, duk layin da ya cika in ja zane da yatsa a gefenshi. Haka na tashi na ga mahaifina yana ƙidayar mudun zakka, ban san wata hanya ba. Na zazzage ta biyu na yi haka. Ta ɗan Dudunni ta rinjaya da nisa. Yara suka ɗaga shi sama suka zagaya tsamiya da shi, ɗan Bauranya ya tuɓe riga ya tafi yana kumbure-kumbure.

Kafin la'asar labari ya gama kasuwa, kafin magariba ya isa Kusada. Ga yadda ya isa: malamin arabiyya ya tara yara marasa zunubi, ya sa sun jefa abu a gora a ɓoye, ya buga ƙasa, ya ga ɗan takarar fada zai faɗi.

Na daɗe ina tunanin wannan. Da malamin tarihi ne ya yi, da wandonshi da alƙalami a kunne, da an ce shirmen 'yan boko ne, a wuce. Amma mutum mai rawani da carbi, zaune a kan rairayi, ya shafe ƙasa, yana jan zane da yatsa yana motsa baki, wannan a ƙasarmu ma'anarshi ɗaya ce. Ga shi kuma mutanenmu sun yarda abin da ya fito daga bakin yara ba ya faɗuwa banza. Hedimasta ya ce rawanina zai kare ni. Rawanin ne ya ja mani.

Washegari 'yan adawa suka fara zuwa gaishe ni, mutanen da ko sallama ba ta taɓa haɗa mu ba. Wani mahauci ya aiko da cinyar akuya. Na mayar mashi, na ce wa ɗan aiken ban duba komai ba, ƙidaya na yi. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai mun gane, ba za mu faɗa wa kowa ba."

Ba a yi mako ba mai duba makarantu ya zo daga Katsina, tare da wani bafade. Aka kira ni ofis. Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa, na zauna a ƙasa, su ukun suna kan kujeru. Hotunan gwamnonin sun koma bango suna kallonmu.

Mai duba makarantu ya ce, "Malam, wa ya sa ka yin abin da ka yi a gindin tsamiya?"

Ban amsa nan da nan ba. A tarbiyyarmu na ƙasa ba ya riga na sama magana a gaban baƙi, kuma ba ya nuna shi da yatsa. Na ɗaga kai na dubi hedimasta, ina jiran ya ce ni ne, a wuce wurin. Kalma biyu ce.

Ya dubi agogonshi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai na ce ya koya masu tarihin sarakuna. Abin da ya faru a bakin hanya sai daga baya na ji."

Bafaden ya ce, "An ce an ga rigarka jikin yaro."

"Ya aiko a ara mashi riga. Yayana ne, ban tambayi dalili ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, hedimasta ne ya tsara mani komai, tun daga zana har gora. A kawo Alƙur'ani in dafa."

Mai duba makarantu ya ce nan ba kotu ba ce. Ya tambaya ko akwai wanda ya ji lokacin da aka ba ni umurnin. Babu, an tura ƙofa.

Na ce, "Ko ma wa ya sa ni, ba duba ba ne. Ƙidaya ce."

Bafaden ya yi dariya har da buga cinya. "Allah ya gafarta Malam, mu ma muna ƙidaya. Buhun gyaɗa nawa muka ƙidaya bana? Ba mu taɓa ganin wanda ya shafe ƙasa ya yi addu'a kafin ya ƙidaya ba."

A ranar aka sallame ni. Ɗan Dudunni ma an yi mashi bulala a gaban makaranta aka kore shi. Na ɗora littattafaina a kan jaki, matata da yara suka bi bayana da ƙullin kwanuka, muka kama hanyar Kusada. Hedimasta bai fito ba. Kekenshi na jingine a ƙofar ofis lokacin da muka wuce.

Aikin bai dame ni ba kamar yadda za a zata. Ina da gonar gero, ina da hannun rubutu. Abin da na ji tsoro shi na isko a gida.

Mahaifina na zaune a kan buzu a zaure. Bai bari na gama gaisuwa ba.

"Ka yi?"

"Ban yi ba, Baba."

Ya dube ni har na sunkuyar da kai. "To," in ji shi. Bai sake tambaya ba har ya bar duniya.

Shi ya yarda. Masallaci ne bai yarda ba. Da azahar ya ce in shiga gaba kamar kullum. Na tayar da kabbara, ina jin motsin ƙafafu a bayana. Da na sallame na waiwaya, sahu uku ya koma ɗaya, shi ma bai cika ba. Sauran suna waje suna jiran in gama su yi tasu. Wani dattijo mai sayar da fata, maƙwabcinmu, wanda ya ci tuwon sunana, ya faɗa a fili cewa shi ba ya kai sallarshi bayan mai duba, don ba ta hawa.

Tun daga ranar mahaifina ya koma shiga gaba da kanshi. In ya yi sujada sai ya daɗe kafin ya iya miƙewa, ina jin nishinshi daga sahun baya inda na koma tsayawa. Ya aika wa hedimasta saƙon baki, ya ce ya zo ya tsaya a masallacin da ya koyi alwala ya faɗi kalma ɗaya. Amsa ta dawo cewa yana gaishe da Malam, yanzu idon kowa na kanshi, amma da an gama zaɓe zai zo.

Aka yi zaɓe. Ɗan takarar fada ya ci, da rata mai yawa. Na zaci wannan zai wanke ni, tun da abin da aka ce na gani bai faru ba. Ashe ƙari aka yi mani. Da ni mai duba ne, yanzu na zama mai duban da bai iya ba. 'Yan adawa suka daina gaishe ni, suka ce na sa sun saki jiki. Yara in sun gan ni sai su riƙa kiran mai tsamiya. Duk da haka akwai matan da ke aikowa a ɓoye in duba masu ɓatan akuya ko ciwon ɗa, in na kore su su ce rowa ce.

Wata rana matata ta dawo daga rijiya ta dire tulu har ruwa ya fantsama.

"Malam, da ma ka iya duban nan. Da ko ba komai mun samu tsabar da za mu daka, tun da sunan dai an riga an ba mu."

"Ki yi istigfari."

"Na yi. Kai kuma ka je ka kamo ƙanin naka da ka rubuta wa allo."

Ban je ba. Na riga na faɗi gaskiya a gabanshi sau ɗaya, bakina ba shi ne ake buƙata ba.

Hedimasta bai zo ba bayan zaɓe. Bai zo ba da salla. Da Turawa suka tafi aka yi mashi ƙarin girma aka mai da shi Katsina. A daminar da ta biyo baya mahaifina ya kwanta, kuma ko a kwanakin ƙarshe in ya ji ƙararrawar keke a waje sai ya ce a leƙa a ga ko wane ne. Ya rasu ranar da muka yi noman biyu. Hedimasta ya aiko da goro da gaisuwa. Bayan addu'ar bakwai dattawan unguwa suka zauna, suka ba wani almajirin mahaifina limanci, mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kanshi. Ni aka ce in ci gaba da haƙuri har magana ta kwanta.

Magana ta kwanta, amma ba wanda ya dawo ya ce mani shiga gaba. Na yi noma, na kwafi littattafai na sayar, na koyar da 'ya'yan waɗanda ba su damu da abin da ake faɗa ba. Soja suka zo suka ɗauke akwatuna, aka daɗe, aka sake dawo da su. Yaran da na koya wa jerin sarakuna suka zama magidanta, wasunsu har suka riƙa tsayawa takara. Ɗan Dudunni tela ya zama, yakan tsaya ya gaishe ni in ya zo cin kasuwa, ba mu taɓa tada maganar ba. Sunan mai tsamiya ya bi ni har jikokin unguwa na kirana da shi, suna zaton tsamiya na taɓa sayarwa.

Gemuna ya gama fari lokacin da wata rana da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Hedimasta ya fito da sanda, ya rame, agogon na lilo a tsintsiyar hannu. Na shimfiɗa mashi buzun mahaifina. Muka gaisa, muka tambayi iyali, muka yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu a tsakani, suna da yawa, har da matata.

Ya ce ya yi ritaya, bana zai sauke farali, yana zagayawa neman gafarar mutane kamar yadda aka saba kafin tafiya.

"Yaya Malam, ka san abin da ya kawo ni. Ina da ɗiya ƙanana lokacin. Na ji tsoro."

"Ni ma ina da su."

Ya ce, "Ka yafe mani."

"A nan?"

"To ina?"

"Abin da ka ɗauka, a gaban mutane ka ɗauke shi. Ba a zaure za ka mayar ba. Baba ya aika maka wurin da za ka tsaya, wurin yana nan."

Ya dubi ƙofa, ya dubi motarshi. Na zaci zai ce zai dawo bayan aikin hajji. Amma ya ce to, ya zauna har aka kira azahar.

Bayan an sallame ya roƙi liman izini, ya miƙe da sandarshi. Masallacin an yi mashi rufin kwano, yawancin waɗanda ke ciki samari ne da ba a haife su ba a shekarar akwatuna. Ya faɗi komai, bai rage ba. Ya ce shi ya ce a kafa zana, shi ya ce a samo gora, shi ya ba da riga, Malam ƙidaya kawai ya yi, bai taɓa duba ba, kuma shi ya yi ƙarya a gaban baƙi don ya tsira da aikinshi. Samarin suka riƙa duban juna. Wani ya raɗa wa na kusa da shi, "Wane zaɓe ke nan?"

Cikin duk waɗanda suka fita daga sahuna a wancan lokaci, mutum ɗaya ya rage, dattijon nan mai sayar da fata. Ya tsufa tukuf, kunnenshi ya tafi, yana jingine da bango. Ya ɗaga kai ya ce, "Mi yaron nan ke faɗi?"

Hedimasta ya matsa kusa da shi, ya duƙa, ya sake faɗa da ƙarfi tun daga farko, har na waje suna ji.

Tsohon ya saurara yana taunar dasashi. Da aka gama ya ce, "To ai wannan mun sani. Wa bai ga rigarka ba? Duk kasuwa an gan ta."

Na ce, "Kun sani, Baba?"

"Mi?"

"Na ce kun sani?"

"Mun sani mana. Amma shekarar nan wa zai yarda a gan shi bayan wanda fada ke fushi da shi? Sai da muka samu abin faɗi muka fita." Ya mai da kai jikin bango. "Allah ya jiƙan Malam, ya sha wahalar gwiwa."

Liman ya dubi ƙasa. Na dubi wurin da mahaifina ke yin sujada, an shafe shi da siminti.

Hedimasta na tsaye har lokacin, yana jirana. Na ce mashi na yafe, duniya da lahira, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji, kuma har zuciyata na faɗa, don ba na son mu sake tsayuwa a kan wannan magana a wani wuri. Aka shafa fatiha, samari suka tashi neman takalmansu.

Na raka shi bakin mota. Ya riƙe hannuna ya ce mi nake so ya kawo mani daga Makka, carbi ko dabino ko zamzam.

Na ce, "Kada ka ɗora wa kanka kaya. Abin da nake bin ka ka biya yau, ba sauran komai tsakaninmu."

Direba ya tada mota. Na koma gida, don ban ba jaki ruwa ba tun safe.